Kaka Biyu A Gidanmu Na Tudun Wada

  

A wannan fitowar ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ko da yake na san wasunku shi suke jira. Yau gida zan kai ku, gidanmu na Tudun Wadan Zariya, a lokacin da na fi so duk cikin shekara, wato kaka. Mu a gidanmu kaka biyu gare mu. Akwai kakar amfanin gona mai zuwa in damina ta ɗauke, akwai kuma kakata mahaifiyar Babanmu, wadda muke ce wa Iya, ita kullum tana nan ɗakinta na ƙuryar gida da carbinta a hannu. Tun tasowata nake ganin su biyun, amma sai bana na san darajarsu, shi ma sai da aka kusa raba mu da ɗaya saboda ni.

Ga wadda ba ta taɓa zuwa ba, Zariya gari ne kashi-kashi. Akwai Birni cikin ganuwa, inda fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau take. Akwai Sabon Gari wajen tashar jirgin ƙasa, akwai kuma Samaru inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962. Tudun Wada ita ce a tsakiya. In kin fito daga Birni ta Ƙofar Doka kin faɗo cikinta, in kika miƙe kika haye gadar Kubanni kin nufi Sabon Gari ke nan. Unguwa ce da aka kafa zamanin Turawa, bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, domin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun Birni ba. Shi ya sa in kin bi layinmu gida-gida za ki ji waɗannan asalinsu Kano, waɗancan Nufawa ne, na gaba Barebari. Kakanmu ma, Allah Ya jiƙansa, daga ƙasar Katsina ya zo neman karatu, ya zauna, ya auri Iya, ya sayi 'yar gona a gindin dutsen Kufena. Wannan gonar ita ke ciyar da gidanmu rabin shekara har yau.

Kaka ba ta shigowa da hayaniya. Bayan markar watan Agusta, lokacin da sai a kwana uku ba a ga rana ba, wanki ya ƙi bushewa, ashana ta ƙi kamawa, sai ruwa ya fara ja da baya a Satumba. Zuwa Oktoba sai ki ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, ana ta tsawa, kowa ya kwashe shanya a guje, ƙarshe iska ta watsa shi ko ɗigo bai sauka ba. Da rana ga zafin agazari, da asuba kuma raɓa ta jiƙe komai. Shamuwar da ta yi sheƙa kan tsamiyar bayan gidanmu tun farkon damina, wata safiya sai mu tashi babu ita. Da ina ƙarama in na tambaya, Iya kan ce sun tafi kai wa wasu ruwa ne. Ashe da gaskiyarta, kudancin Afirka suke nufa, inda damina ke farawa daidai lokacin da tamu ke ƙarewa.

A makaranta mun karanta cewa a Ingila wannan lokacin ne ganye ke yin ja ya zube, mutane su shige ɗaka don sanyi. Tamu kakar ta ci ce da sha. Ki fito wajen Agoro da yamma, ƙamshin gasasshiyar masara kaɗai ya isa ya karya miki alwashin ba za ki kashe ko kwabo ba. Ga yara da farantan dafaffiyar gyaɗa, ga rake an jingine, irin wanda ƙasar Maƙarfi ta yi suna da shi, ga sabuwar doya da dankali da kabewa jibge a kasuwar Tudun Wada. Ko mai ƙaramin ƙarfi a kaka yakan ɗan sarara.

Amma a gidanmu Iya ba ta barin kowa ya sarara. Maganarta kullum ita ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Da an idar da sallar asuba za ki ji ta tana buga ƙofata da sandarta.

"Kishiya, tashi! Rana za ta fito ta same ki kwance, wa zai aure ki a haka?"

"Iya, ai an riga an kawo kuɗi, sai dai ki yi haƙuri."

"Bakano ne ai, bai san abin da ya kwaso ba."

Haka muke yi da ita kullum, don kun san wasan jika da kaka, kun kuma san Kanawa da Zage-zagi ba a shiga tsakaninsu.

Tsakar gidanmu a kaka babu wurin sa ƙafa. Kuɓewa a yanka ta sirara-sirara a baza a tabarma, in ta bushe ƙamas a daka a zuba a gwangwani. Barkono da tattasai a kan kwanon ɗaki. Ganyen kuka, wanda dole a tsinke shi yanzu kafin bishiyar ta zubar da shi da rani, shi Iya ba ta yarda ya ga rana, a inuwa ake shanya shi don kada korensa ya kode. Haka rama da yakuwa da zogale da karkashi. Kabewa kuwa ƙarƙashin gadonta take jera su, ta ce in dai ba ta ji rauni ba za ta kai watanni. Gyaɗa ba a ɗaure ta a buhu sai an girgiza an ji tana kacau-kacau. Da ina ɗaukar wannan fitina ce irin ta tsofaffi, sai daga baya na karanta cewa gyaɗa da masarar da aka adana da damshi suna yin wata funfuna mai fitar da guba da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Wake ma da dokarsa. Ita Iya da toka da busasshen barkono take cakuɗa shi a tukunya ta liƙe bakin. Yayana kuma ya kawo buhun nan mai ninki uku, leda biyu a ciki, buhu a waje, wanda in an ɗaure shi tam ƙwari ke mutuwa don rashin iska. Abu ɗaya da suka haɗu a kai shi ne ba a zuba wa abincin gida maganin ƙwari. Yaya ya ce a 2015 har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan maganin da aka samu a jikinsa. Iya ta ce, "To, abin da Bature ya ƙi ci, mu ne za mu ba 'ya'yanmu?"

Ana cikin wannan hidimar ne, wani dare na kai wa Baba shayi zaure, na tarar suna magana da Baffana, ƙaninsa. Ban yi niyyar saurare ba, wallahi, sunana da na ji ne ya tsayar da ni bayan labule. Baffa yana cewa dillalai sun sake zuwa kan gonar Kufena, za a yanka ta filoti-filoti, kuma kuɗin da suka taya ba kaɗan ba ne. Ya ce tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya tashi, taki ya yi tsada, kuɗin ɗauko amfani ya yi tsada, gidaje sun kusa kewaye gonar, awaki na ɓarna, yara na sata. Sannan ya ce, "Ga bikin yarinyar nan ƙarshen hunturu. Ka ga takardar kayan ɗakin da aka rubuto kuwa? Da me za ka saya, Yaya?"

Baba bai ce komai ba. Ni kuwa sai da tiren ya nemi suɓuce mini, don ni na rubuta takardar nan da hannuna. Gado da kujeru na yayi, firji, labule kala biyu, tukwane jeri-jeri, duk abin da na gani ɗakin ƙawayena da wanda na gani a waya sai da na sa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga ina kuɗin za su fito ba. A zatona aikin iyaye ne su nemo, aikina in zaɓa.

Kwana biyu bayan nan Iya ta ce ita fa bana sai ta ga gona da idonta. Shekara uku rabonta da zuwa saboda ciwon gwiwa. Baba ya yi lallashi ta ƙi. Ran Asabar da sassafe muka ɗauki shatar Keke Napep, ni da ita da Yaya da Autarmu 'yar aji ɗaya a sakandare. Baba ya ja mana kunne mu dawo kafin la'asar, don zamanin nan ba a sakin jiki a bayan gari.

Muka bi Titin Gaskiya. Duk sanda na wuce tsohon kamfanin Gaskiya sai na ji wani abu a raina, don nan ne gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, wadda Alhaji Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya zama editanta na Hausa na farko. Duk mai riƙe biro tana rubuta labari da Hausa, ta sani ko ba ta sani ba, wurin nan yana da haƙƙi a kanta. Muka wuce Kwalejin Barewa, wadda ta dawo Zariya a 1949, inda Janar Yakubu Gowon da marigayi Janar Murtala Muhammed suka yi karatu. Daga nan sai Wusasa, inda shi Gowon ɗin ya tashi, mai tsohuwar cocin nan ta ginin ƙasa da aka yi a 1929 da fasalin ginin Hausawa. A nan muka sauka, sauran tafiyar ta ƙafa ce, Iya na dogara sanda, Yaya na riƙe da hannunta.

'Yar'uwa, in kin daɗe ba ki fita bayan gari a kaka ba, ki roƙi wani babba ya raka ki. Hanya siririya ta ratsa cikin dawa da ta fi Yaya tsawo, zangarniyoyi sun yi nauyi sun sunkuya, wata ja wata fara. Masara an riga an sare an tara. Raɓa ta jiƙa mana ƙafa, ƙarangiya ta cika bakin zanena. Yara maza na bin fara da reshe suna turawa a gora, belbelu na bin shanun Fulani da ke jiran a gama girbi su shiga kara. Iska mai sanyi-sanyi, da ƙamshin ciyawar da ta fara bushewa.

Iya da ke nishi a gida in za ta tashi, nan sai bakinta ya buɗe. Ba ta wuce tsiro ba ta kira sunansa ba.

"Auta, wannan fa?"

"Ciyawa ce, Iya."

"Ciyawar gidanku! Gamba ce, da ita ake saƙa zana. Waccan tsintsiya ce, wadda kike shara da ita kullum ba ki san uwarta ba. Wannan tafasa, ana kwaɗonta. Wancan rai-ɗore."

Auta da ta san sunan kowane ɗan fim har da na matarsa, ta kasa bambanta ɗorawa da kaɗanya. Na yi mata dariya, amma a zuciyata na san nima rabi na sani. Iya ta nuna mana gawo, ta ce mu dube shi da kyau, shi duk damina tsirara yake, sai yanzu da sauran itatuwa ke shirin zubar da ganye shi yake fitar da nasa. Shi ya sa manomi ba ya sare shi, ba ya tare wa shuka rana da damina, da rani kuma dabbobi su samu abin ci.

Sai dai duk 'yan taku kaɗan sai mu ci karo da turakun siminti na masu awon fili, ko harsashin gini, ko tulin bulo a inda Iya ta ce da gonar wane ce. Tun tana kiran sunayen masu gonakin har ta yi shiru.

Mun tarar masu aiki na cirar gyaɗa a tamu gonar. Yaya ya ce masarar da aka shuka bana irin Samaru ce, daga cibiyar binciken aikin gona da ke can tun 1922, masu fitar da irin da ake kira SAMMAZ. Muka shimfiɗa wa Iya tabarma gindin ɗorawa, ni da Yaya da Auta muka ɗan hau Kufena, iyakar inda ƙafata ta yarda. Dutse ne santala-santala, a kaka ciyawa ta yi masa gemu a kowace tsaga. Masu tarihi na cewa sarakunan Zazzau na da daga Turunku suka taso, suka zauna nan gindin Kufena, kafin a koma inda Birni yake yanzu, zamanin su Bakwa Turunku da Sarauniya Amina a ƙarni na 16, kuma sunan ƙanwar Amina, Zariya, garin ya ci. Daga sama ga Birni can da dogayen rimayensa, ga rufin kwanon Tudun Wada na ƙyalli, ga gonaki rawaya da kore. Amma ko makaho ya laluba ya san gari ne ke cin gona, ba gona ke cin gari ba.

Da na sauko na zauna kusa da Iya. Ta ɓare ɗanyar gyaɗa ta miƙo mini, ta fara ba ni labari ba tare da ta dube ni ba. Ta ce tana amarya da ƙafa take kawo wa kakanmu abinci nan daga Tudun Wada. Ta ce shekarar farin nan ta 1973, da mutanen arewa suka yi ta kwararowa da 'ya'yansu, dabbobi sun mutu, hatsi ya yi wuya, dawar gonar nan ce ta riƙe su har da maƙwabta gida biyu. Ta ce Babana da Baffa duk da kuɗin gyaɗar nan aka yi musu kayan makaranta.

Can ta ce, "Kishiya, na san abin da ake ƙullawa, kunnena bai mutu ba. Ni tumunin takaba kaɗai gare ni a nan, ba ni da ikon hana su. Amma ki riƙe wannan, gado da kujera ba sa haihuwa. Gona kuwa kowace shekara sai ta haihu."

Ban iya ce mata komai ba. Na sunkuyar da kai ina ta tsinke ƙarangiya daga zanena har hawaye ya ɗiga a hannuna.

Mun dawo gida bayan azahar da ƙunshin rama da yakuwa da gauta da 'yar kabewa, sai Umma ta ce yau fate za a sha. Kun san mu Zage-zagi da fate, har gori Kanawa ke yi mana da shi, amma in an zuba su ne masu neman ƙari. Ga yadda muke yin namu, don mai son gwadawa. Ki sami tsakin masara, ki wanke ki rege shi sosai don tsakuwa. Ki ɗora ruwa da ƙashi ko ɗan nama, da wake kaɗan in kina so, ki zuba jajjagen attarugu da tattasai da albasa, da daddawa da gishiri da manja. In wake ya yi laushi ki sa kabewa da gauta. Sannan ki riƙa zuba tsakin a hankali kina juyawa da muciya don kada ya yi gudaji. A nan ne gwaninta take, don tsaki yana kumbura, in kin cika shi kin yi tuwo, in kin rage kin yi kunu. Ba banza Bahaushe ya ce daidai ruwa daidai tsaki ba. In ya dahu ki kawo dakakkiyar ɗanyar gyaɗa, sai rama da kika riga kika tafasa kika zubar da ruwan farko don rage tsami, da 'yar yakuwa da lawashi. Ganye shi ne na ƙarshe, minti kaɗan ki sauke.

Ina cikin juyawa Umma ta leƙo tukunyar ta ce, "Tsakin ya isa haka, ki dubi ruwanki." Magana ce ta girki kawai, amma ni ranar wani wuri ta sauka mini.

Da dare aka ɗauke wuta, farin wata kuwa kamar rana, muka fito da tabarmi tsakar gida. Wannan shi ne lokacin da kowa ke ɗauko abin hannunsa. Umma da ɗinkin hula, ta kunna 'yar fitila mai caji tana bin zane da allura. Zariya ta daɗe da suna wajen aikin hannu na manyan riguna, irin su aska biyu da aska takwas, kuma mata da yawa a cikin gidaje da allurar nan suke rufa wa kansu asiri. Auta tana koyon saƙa da kwarashi, hular jariri take yi wadda har yau ba ta yi kama da kan kowa ba. Iya ta jawo mazarinta da alli da 'yar audugar da take sa a shuka mata a gefen gona, tana kaɗi. Ta ce da, da kaka ta yi, jakuna da motoci ke layi da auduga zuwa Bisije, kamfanin gurza na Turawa, kowace mace kuma ta iya kaɗi. Yanzu a layinmu kaf ita kaɗai ta rage. Ni kuma na kwaɓa lallen da muka tsinko muka daka, na ƙunsa wa Auta, na ɗauko littafina mai layi, don har yau da biro nake fara rubuta labari kafin in juye a waya.

Amma ranar ko layi ɗaya ban rubuta ba. Takardar kayan ɗakin na ɗauko, na bi ta da biro ina sokewa. Da kowa ya watse na bi Umma ɗaki na miƙa mata. Ta haska fitila ta daɗe tana dubawa.

"Ke kin san abin da kike yi kuwa? Kano za a kai ki. Dangin miji za su shigo ganin ɗaki, su fita suna zunɗen mu."

"Umma, ganin ɗaki kwana bakwai ne. In an sayar da gonar nan, har abada ne."

"Wa ya gaya miki zancen gona?"

Na yi shiru. Ta yi ajiyar zuciya ta ce ita ma ba son ranta ba ne, amma ba ta so a ce 'yarta ta fi kowa ƙarancin kaya. Ban ga laifinta ba, don na sha zama a ɗakin amarya na ji irin maganar da mata ke yi, wataƙila nima na taɓa sa baki. Na ce mata gado da katifa da kujeru daidai ƙarfi da kayan girki sun ishe ni, sauran in Allah Ya buɗa sai in riƙa saye da kuɗin littafina a hankali. Washegari ta kai wa Baba takardar. Ya kira ni, na durƙusa, ya dube ni ya dubi takardar, abin da ya ce kawai, "Allah Ya yi miki albarka."

Kada in yi muku ƙarya in ce magana ta mutu. Gonar gado ce, ba ta Baba shi kaɗai ba. Baffa yana da 'ya'ya a makaranta da nauyin da ya fi ƙarfin albashinsa, kuma abin da ya faɗa kan tsadar noma gaskiya ne. Abin da aka tsayar shi ne ba za a sayar bana ba, a jira a ga kaka mai zuwa. Ko ba komai, ba za a ce don labulena aka sayar ba. Iya da ta ji, ba ta yi mini godiya ba, cewa ta yi, "Ashe kishiyar tawa tana da ɗan hankali." Da yamma kuma ta kira ni ta ba ni gwangwani uku, na kuka da na kuɓewa da na daddawa, ta ce in ajiye na tafiya Kano, ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu da nake wannan rubutu an fara girbin dawa, iskar hunturu ta fara leƙowa da ƙurarta daga hamada, leɓe ya fara tsagewa, an fito da man kaɗanya. Jiya da yamma muka taka ni da Auta har gadar Kubanni. Ruwan ya ja baya, masu lambu sun fara gyaran fadama don noman rani, ko da yake leda da shara sun ɓata gaɓar, abin ba daɗin gani. A hanya na riƙa nuna mata itatuwa ina tambayarta, ta ci uku cikin biyar.

Ƙannena, wadda Allah Ya bar wa kaka da rai, ta matsa kusa da ita tun kafin a neme ta a rasa. Ki tambaye ta sunan ganye, ki koyi shanya da adana, ki karɓi muciya ki yi da hannunki, don ranar da aka kai ki naki gidan waya ba za ta juya miki tukunya ba. Wadda kuma aka sa wa rana, kafin ki miƙa takardar kayan ɗaki, daure ki tambayi Umma a asirce me za a sayar a saya miki. Ni ban tambaya ba, a bayan labule na ji.

Ku sa Iya a addu'a, gwiwar tana damunta tun dawowarmu daga Kufena, ko da yake ta ce ko gobe aka ce a koma ita ce a gaba. Allah Ya kai mu wata kakar da rai da lafiya, Ya sa albarka a abin da aka girbe. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda.

Taku har kullum, daga Tudun Wadan Zariya.